In Babur Ya Lalace a Jajibirin Wasa

Ƙannena samarin Ƙonni da Malbaza da Illela, yau da ku nake, musamman ku da kunnenku ke rarrabe kukan Kasea da na Boxer tun mai babur bai ɓullo kwana ba. Ba zan buɗe baki da cewa ku daina son gudu ba. Na so shi tun ba a haifi da yawanku ba, kuma har gobe in na ji an murɗa totur a hanyar Tsarnawa da sanyin la'asar, sai na ɗaga kai na duba. Maganata a kan dare ɗaya ce tak. An sa ranar wasa, ko rakiyar amarya ce ko tseren da kuka ƙulla a bayan gari, an yi makonni ana shiri, sai a jajibirin ranar babur ɗinka, ko moto kamar yadda muke cewa a nan, ya lalace. Tsakanin magariba da wayewar gari za ka yanke shawara, kuma na san maza da dama da shawarar wannan dare ta bi su har furfura.

Ni ma daren ya taɓa riskata. Ina da shekara 22 aka sa bikin wani abokinmu a wani ƙauye gaba da Malbaza. Babur ɗin da nake hawa a lokacin tsoho ne ɗan Japan, yayana ya bar mini amanarsa da zai tafi ci-rani Abijan. Wata guda muna shiri. An wanke, an goge, an ɗaura ƙyallaye a madubi, wasu har sun huda salansa don a ji zuwansu tun daga nesa. Ranar Juma'a da yamma, biki gobe Asabar, ina dawowa daga lambu na damƙi birkin gaba, sai hannun ya tafi gaba ɗaya har ya taɓa roba, babu abin da ya kama. Ƙafar baya kuwa ta kwana biyu tana wani gurnani, ina ji ina toshe kunne.

Na tura shi wurin wani dattijon makanike da ke aiki a gindin dogon yaro kusa da tasha. Ya kwance ƙafar baya, ya juya ta, sai ga ƙwayoyin boris sun zubo a tafin hannunsa kamar tsakuwa. Wayar birki kuma saura sili uku ta rabu. Ita akwai sabuwa a shagonsa. Boris irin na wannan tsohon babur ne babu a gari, sai ran Lahadi in wani ya ƙetara kasuwar Illela ta Najeriya.

Na ce, "Baba, don Allah ka yi mini dabara, gobe kaɗai. Jibi sai in kawo a yi gyaran gaskiya."

Ya ce, "Dabara akwai ta, ɗana. Ina iya cusa mishi gwangwani in matse, shi kai ka Malbaza sannu sannu. Amma kai wasa za ka. Ba ni yi."

Na ce, "In ban je ba, abokaina cewa za su yi tsoro na ji."

Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce kak ka tahi? Tahi mana. Ka taɓa ganin an ɗaura ma doki mai ɗingishi sirdi ran hawan Sarkin Adar? Mai dokin kuwa ba ya zama gida. Da ƙahwa yake zuwa shi ga hawa."

Daga nan ya ɗauki ƙafar babur ɗin ya shigar da ita shago, ya sa kwaɗo. Ya san in ya bar mini ita, wurin wani zan kai. Na kwana ina jin haushinsa. Da safe na hau bayan a-kori-kurar da ta ɗauki kayan amarya, na zauna tsakanin kwanuka da katifa, abokaina suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga mini hannu.

Ranar ce na fara ganin wasanmu daga ƙasa. Wanda ke kan babur ba ya ganin komai sai hanya da ƙeyar na gabansa, iska tana kaɗa masa riga, guɗar mata tana shiga kansa. Wanda ke tsaye kuwa yana ganin sauran. Na ga yara ƙanana suna kutsawa cikin ƙura suna bin baburan, suna ɓacewa suna ɓullowa, masu gudun ba su ma san da su ba. Na ga wata tsohuwa da ƙwaryar fura a ka ta tsaya cak a tsakiyar fili, ta rasa gaba za ta yi ko baya, babura biyu suka raba ta tsakiya. Na ga tayar gaba ta wani abokinmu ta suɗe har zare ya fito. Na ga wani da ya aro babur a daren yana laluben giya da ƙafa, idonsa a ƙasa, shi kuwa yana tsakiyar jama'a. Duk waɗannan abubuwa sun kasance a kowane bikin da na taɓa yin wasa a cikinsa. Ban taɓa ganinsu ba sai ranar da ba ni da abin hawa.

Akwai wani yaro, ƙanen ango ta wajen uwa, da sarƙarsa ke kaɗawa tana dukan murfi, ƙwal-ƙwal, duk zagayen da ya yi. Na ji ta, na kuma gane ta, domin irin ƙarar da na yi ta toshe wa kunne ce a nawa. Na ɗaga masa hannu ya tsaya, ya ɗauka jinjina nake masa. A zagaye na gaba ya ɗaga kan babur, da ya dire sai sarƙar ta goce, ta naɗe, ƙafar baya ta ƙame. Shi ya tafi gefe guda a kan kafaɗa, babur ya tafi wani gefen yana jan ƙasa, bai tsaya ba sai taku uku ko huɗu daga inda 'yan mata ke gaɗa. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, fatar hannunsa ta saluɓe tun daga gwiwa har wuyan hannu. Aka kai shi wurin mai ɗori, biki ya koma jaje.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan mahaifinsa. Babur ɗin nasa ne, da shi yake kai mai lambu don injin ban-ruwa, da shi yake zirga-zirgar albasa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya duƙa ya duba ɗansa, ya miƙe ya je ya daɗe tsaye a kan babur ɗin. Duk wanda ya tashi a ƙasar Galmi ya san lissafin albasa: a lokacin cira tana araha, mai haƙuri yakan zuba tasa a rudu ya jira watanni har ta yi daraja. A shekarar nan dattijon bai jira ba. Ya sayar tun tana araha, ya biya magani, ya gyara babur. Zagaye ɗaya na ɗansa ya cinye ribar noman rani ta gidan gaba ɗaya.

Daga baya na riƙa zama wurin makaniken nan, har na fahimci abin da ya sa ya hana ni. Lalacewar babur iri biyu ce: akwai wadda ke tsayar da kai, akwai wadda ke kayar da kai. Fulogi ya mutu, kabreta ta sha ƙasa, man da ka saya a kwalba wurin 'yan ruwa-ruwa ya zo da datti, duk waɗannan tsayar da kai za su yi. Za ka tura, ka yi gumi, ka makara, shi ke nan. A irin wannan dabara halal ce, kuma makanikanmu gwanaye ne a kanta. Amma birki, da taya, da sarƙa, da boris, da wuyan babur in ya fara wasa, da silin ƙafa in sun saki, waɗannan ba sa sallama kafin su kayar da mutum. Su ba a yi musu “gobe kaɗai”.

Gudu kuma shi ke mayar da ƙaramin aibi babba. Boris ɗin da zai lallaɓa ya kai ka kasuwa a tafiyar kilomita 30 cikin awa, in ka kai shi 90 zafi zai ɗauka ya cije. Sarƙa tana son a bar mata ɗan sassauci kamar faɗin yatsa biyu. In ta wuce haka tana iya tsallake haƙori, in an ɗaure ta tamau kuma ta ci boris. Tayar da aka yi wa faci uku, a kan kwaltar watan Afrilu da ke ƙona tafin ƙafa, in ta gaba ce ta fashe babu gwanin da zai riƙe kan. Shi kansa injin, yawancin baburanmu ƙanana ne, daga 100 zuwa 150, an ƙera su ne don ɗaukar kaya da tattalin mai. Iska ce ke sanyaya su, baƙin man da ke cikinsu kuwa bai wuce lita guda ba. In an daɗe ba a yi juye ba, aka kuma murɗe totur har ƙarshe aka riƙe, inji yana iya bugawa, kuma in ya buga a guje ƙafar baya ce ke ƙamewa, sai fa in hannunka ya riga shi kama kuloci. Wanda kuma ya kwana wurin makanike aka sa masa sabon fistan da ring, ya sani sabon ƙarfe yana bukatar tafiyar sannu ta ɗaruruwan kilomita kafin ya zauna. Fita da shi tsere washegari zubar da kuɗin gyaran ne.

Ga wani lissafi da nake so ku riƙe. Mai tafiyar kilomita 60 cikin awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, mai 90 kuma mita 25. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta taka birki, daƙiƙa guda ta wuce, wato ka riga ka shafe wannan tazarar ba ka rage komai ba. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkawa take sau huɗu. Wanda ya daki bango ko gefen babbar mota a gudun 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. A gudun 80 kuwa, mita 25. Yanzu ku ɗora wannan lissafi a kan hanyar da muka sani, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi, da wadda ta rabu ta yi Tawa ta Badagishiri. Manyan motocin siminti na fitowa daga Malbaza, na albasa na lodi a bakin hanya, bas-bas na dogon zango ba sa rage gudu don kowa, ga amalanken jaki babu fitila, ga garken shanu da ke ƙetarawa lokacin da suka ga dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shekarunku ke nan, da na ƙannenku masu bin ku cikin ƙura.

In dabara ta ƙi, shawara ta biyu da ke zo wa saurayi a wannan dare ita ce aro. Ita ma ina roƙonku ku bar ta. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma kowane babur da halinsa. Wani birkinsa da ka taɓa ya cije, wani sai ka taka har ƙasa. Wani giyarsa duk ƙasa ake takawa, wani ta farko ce kaɗai a ƙasa, sauran a sama. A tafiyar kasuwa kana da lokacin tunawa. A tsakiyar wasa ƙafarka abin da ta saba za ta yi, kuma abin da ta saba na wani babur ne. Ban da haka, wa zai ara maka? Galibi abokinka ɗan kabu-kabu ne, wanda shi ma babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗi kafin ya ci nasa. Kunya ce za ta hana shi ce maka a'a. In ka kayar, kai za a yi wa jaje, shi kuma a karɓe makulli, ya koma gida ya rasa abin da zai gaya wa matarsa. Kada ka sa abokinka a wannan tsaka mai wuya saboda yammaci ɗaya.

Ba zan tsallake tramol ba, don na san yana yawo a aljihun wasu ranar wasa. Ana cewa yana cire tsoro. Tsoron nan kuwa shi ne ke sa hannu ya sassauta totur kafin kwana, wanda ya cire shi ya cire birki na uku. Ƙwayar tana kuma sa wasu farfaɗiya ba zato, ku kwatanta mutum ya sandare a kan babur a guje. Haka nan maganar da muke fakewa da ita, cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne kwana na hannun Allah. Amma malaman da suka karantar da mu haka, su ne suka karantar da mu cewa rai amana ne, naka da na wanda za ka buge. Wanda ya ji sarƙarsa na ƙara ya hau, ya san abin da ya sani, kuma za a tambaye shi.

To, ina mai son gudu zai kai son nasa? Bidiyon da kuke kallo a waya, a TikTok da Facebook, inda Turawa ke kwantar da babur a kwana har gwiwa na shafar ƙasa, ba a kan hanyar kasuwa ake ɗaukarsa ba. A Ingila da Faransa da Afirka ta Kudu akwai filayen tsere da aka kewaye, kuma akan ware wasu ranaku a buɗe su ga kowa. Malamin makaranta ko direba ko ɗan kasuwa ya biya kuɗi, ya zo da babur ɗinsa na gida, ya yini yana gudu iya son ransa. Sai dai ana duba lafiyar babur: taya, birki, sarƙa, da ko yana ɗigar da mai, domin ɗigon mai a kwana na bayanka zai kayar. Wanda nasa bai cika ba, ba ya shiga, ko daga wace uwa duniya ya taso. Dole mahayi ya sa hular kwano mai rufe fuska, da rigar fata tun daga wuya har idon sawu, da safar hannu, da takalmi mai tsawo. Ana tara su da safe a karanta musu doka, a raba su rukuni-rukuni, sababbin hannu daban, gwanaye daban. Kowa gefe ɗaya yake bi, babu mai tahowa ta gaba. A kowace kwana akwai mai tuta: rawaya na nufin a rage gudu akwai matsala a gaba, ja na nufin an tsayar da zagayen. Bayan kwalta an bar fili da tsakuwa don wanda ya zame ya sami wurin tsayawa, motar asibiti kuma na nan a ajiye tun safe. Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda babur ɗinsa ya lalace kafin ranar sau da yawa yakan je duk da haka. Ya riƙe wa abokinsa sifana, ya duba masa iskar taya, ya tsaya a kwana ya ga inda gwanaye ke kama birki da inda suke saki. Maganar makanikena ce sak, a wata ƙasa.

Kada ku ɗauka da hankali Turawan suka fara. A shekarun 1970 samarin birnin Paris a babbar kasuwar abinci ta Rungis suke taruwa daren Juma'a, suna tsere tsakanin rumfuna, kuma da yawa sun mutu a can. A 1977 wata budurwa mai shekara 18 da ake kira Carole ta rasu a wurin. Masu babura suka tashi tsaye suna neman hukuma ta ba su fili, har aka gina musu ɗaya a arewacin birnin, mai tsawon kimanin kilomita 2, aka buɗe shi a 1979, aka sa masa sunanta. Har yanzu yana aiki, kuma akwai ranakun ƙarshen mako da ake shiga kyauta. Sai da suka binne 'yan'uwansu kafin su nemi fili. Mu ma mun binne namu, kowace unguwa ta san nata.

Babban tseren duniya ma ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu, ku tambayi iyayenku. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan shi kansa ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, ya tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratso Aljeriya ya shigo Nijar ta Agadas ya wuce Yamai, kuma a shekarun da suka biyo baya Tawa ta sha zama zangonsa. Abin hawa 182 suka tashi a wannan karo na farko, 74 kaɗai suka isa Dakar. Fiye da rabi sun tsaya a hanya, kuma ba a kira ko ɗayansu matsoraci ba, don kowa ya san ƙarfe na gajiya. Cyril Neveu ne ya ci, a kan Yamaha XT 500. A wannan karon ne kuma wani mahayi mai suna Patrice Dodin ya faɗi a Agadas. A lokacin ba a cikin tsere yake ba, yana kan hanyar zuwa wurin tashi ne, ya kai hannu yana gyara hular kwanonsa yana tafe, babur ya ƙwace, kansa ya daki dutse. Aka kai shi asibiti a Paris, can ya cika. Mutumin da ya ƙetare Sahara lafiya, hular da ba ta zauna daidai ba ta yi ajalinsa. Tseren ya kuma kashe mutanen ƙauyuka a ƙasashen da ya ratsa, har da yara, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. An soke na 2008 saboda tsaro, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Hular nan, wadda muke kira kaske, na san abin da kuke cewa a kanta: zafi, nauyi, kuma ba a gane mai wasa in ya rufe fuska. Zafin gaskiya ne, ba wanda zai gaya wa mutumin Ƙonni zafi. Amma ƙashin kafaɗa mai ɗori na gyarawa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da mai ɗori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, tana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. A ɗaure igiyarta a haɓa kafin a tayar da inji. Wadda aka ɗora a ka kawai don jandarma, ita ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa.

Ba na tsammanin za a shimfiɗa mana filin tsere na kwalta a Adar nan kusa, kuma ba shi nake nema ba. Muna da fako a bayan kusan kowane gari, muna da gonakin da ke zama fili bayan kaka, kuma mun gaji sanin yadda ake tsara wasa mai haɗari. Sukuwar dawaki da filinta, da masu korar jama'a baya. Kokowa, tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, da da'irarta da alƙalanta da lokacinta, shi ya sa ƙato ke kayar da ƙato a tashi a rungumi juna. Wasan babur ne kaɗai muka bari babu fili babu alƙali, a tsakiyar mata da yara. Ku da kuke da ƙungiyoyin kabu-kabu da shugabanninku, me zai hana ku zauna ku zaɓi fili nesa da hanya da gidaje, ku je wurin mai gari da ma'aikatar magajin gari da jandarmomi ku nemi izini? Izinin nan kada ku raina shi. A zamanin da 'yan bindiga ke yawo a kan babura a bakin iyaka, har aka taɓa hana hawansu a Diffa a 2015 da wasu sassan Tillaberi a 2020, taron babura talatin a daji ba da sanin hukuma ba yana iya jawo abin da ya fi karaya muni. In an samu, a share duwatsu, a ja igiya, 'yan kallo su tsaya bayanta da nisa. A bi gefe ɗaya. A ajiye mota da mai a cikinta, a sanar da ma'aikacin lafiya. Sannan a samo dattijon makanike wanda ba ya jin kunyar kowa, a zaunar da shi a bakin shiga, duk babur ɗin da ya ce bai yi ba, bai yi ba, ko na ɗan sarki ne. Rakiyar amarya kuma a mayar da ita rakiya, a tafi a jere a hankali a kai 'yar mutane ɗakinta lafiya.

Makaniken nan ya rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙansa. Ran Litinin bayan bikin ya sa mini sabon boris, bai ce mini “ka gani?” ba, ni ma ban ce komai ba, na biya na tafi. Da yayana ya dawo daga Abijan na mayar masa da babur ɗinsa lafiya.

Kai ƙanena da naka ke jingine a zaure daren nan, gobe kuma wasa, ka bar shi inda yake. Kada ka tashi makanike da tsakar dare, kada ka ƙwanƙwasa ƙofar abokinka neman aro. Ka tashi da wuri, ka hau bayan wani ko ka bi mota, ka je. Ka sa kunne a kan sarƙar abokanka kafin su tashi, wanda ka ji tasa na ƙara ka riƙe masa kan babur har sai ya sauka. Sannan ka tsaya a bakin fili ka kore mana yaran nan baya.